Jakunkunan da ke cikin sel: me ya haɗa gazawar kulorokwin da gubar gyauron dawa?

Har gobe akwai masu shiga kemis su ce a ba su kulorokwin. In aka ce musu an daina maganin zazzaɓin cizon sauro da shi, sai su ce ai na da yana aiki, na yanzu ne jabu. A shekarar 2020 maganin ya sake tashe da aka yi ta yayata cewa yana maganin korona, har hukumomin lafiya na Legas suka sanar cewa an kwantar da mutanen da suka sha shi fiye da kima. Me ya sa maganin da ya yi shekara da shekaru yana sauke zazzaɓi ya koma ba ya tsinana komai? Kuma me ya sa ya dakatar da korona a ɗakin gwaji, amma ya kasa a jikin mutum?

Amsar duka biyun tana cikin wasu 'yan jakunkuna da ke cikin sel, wato ƙwayar ginin jikin duk mai rai. A ajin bayoloji ana wuce su da layi ɗaya: na tsiro babba ne, na dabba ƙarami ne ko babu. Wannan layin ya isa cin maki ɗaya a jarrabawa, amma ya ɓoye ainihin aikinsu, wanda shi ne raba abubuwan da bai kamata su haɗu ba sai lokacinsu ya yi.

Besikul da bakiyol: ina bambancin?

Duka biyun jaka ce da tantanin kitse ya kewaye, irin tantanin da ya rufe sel ɗin kansa. Saboda tantaninsu iri ɗaya ne, jaka tana iya ɓallewa daga wani tantani, ta je ta narke cikin wani, ba tare da abin da ke cikinta ya zube a hanya ba.

Besikul ƙarama ce kuma mai ɗan gajeren zamani. Masu ɗaukar kaya daga sashe zuwa sashe faɗinsu bai cika wuce nanomita 50 zuwa 100 ba, na bakin jijiyoyin ƙwaƙwalwa kuwa kusan 40 ne. Nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, don haka madubin ɗakin gwajin makaranta ba ya ganinsu sam. Bakiyol babba ce, tana daɗewa, kuma ana ganinta da madubin da aka saba. Aikinta ajiya, narkar da abu, da daidaita ruwa. Babu wata iyakar girma da masana suka yanke tsakanin biyun, kuma sau da yawa bakiyol taron ƙananan jakunkuna ne da suka haɗe.

Kada a sa kitsen da ke cika sel ɗin teɓa a wannan lissafi. A hoto yana kama da bakiyol, amma ɗigon mai ne da shimfiɗa ɗaya ta rufe, ba jakar ruwa ba.

A jikin mutum da dabba

Furotin da za a fitar waje, kamar insulin, ana ƙera shi a wata raga ta tantani da ake taƙaita sunanta da ER. Daga nan jaka mai rigar furotin da ake kira COPII ta kai shi sashen Golgi, inda ake gyara shi a tantance inda za shi. Masu riga COPI su ke mayar da abin da ya wuce bisa kuskure, masu rigar kilatirin kuma su ke shigo da kaya daga waje. In jaka ta isa, wasu furotin da ake kira SNARE, rabi a jikinta rabi a jikin tantanin da za ta shiga, sai su murɗe juna har tantanin biyu su zama ɗaya. Wannan tsari ne ya ba James Rothman da Randy Schekman da Thomas Südhof kyautar Nobel a 2013.

Misalin insulin ya fi nuna yadda lokaci yake da muhimmanci. Sel ɗin da ke yin sa a fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, yana tara shi cikin dubban jakunkuna, ya bar su a rufe. Sai sukari ya hau a jini, wata ƙofar fotasiyam ta rufe, kalsiyam ya kwararo ciki, sannan jakunkunan su buɗe a bakin sel. Wasu magungunan ciwon sukari, irin gilibenkilamaid, wannan ƙofar suke rufewa da kansu, ko sukari ya hau ko bai hau ba. Shi ya sa wanda ya sha su bai ci abinci ba sukarinsa ke iya faɗuwa har ya suma.

Gubar tetanus kuwa almakashi ce ta SNARE. Tana datse shi a jijiyoyin da aikinsu shi ne su ce wa tsoka ta saki, sai jakunkunan da ke ɗauke da wannan saƙo su kasa buɗewa. Tsoka ta ɗaure ba sakewa, haƙora su sarƙe, baya ya banƙare. Wannan ne ke faruwa da jaririn da aka yanke wa cibiya da reza mai datti.

Sai laisosom, wadda Christian de Duve ya gano a 1955. Ita ce takwarar bakiyol a jikin dabba, kuma ita ce dalilin da ya sa cewa “sel ɗin dabba ba shi da bakiyol” rabin gaskiya ne. Cikinta akwai sinadaran narkarwa fiye da 50, kuma tsami ne da ita: ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, a cikinta yana tsakanin 4.5 da 5, alhali ruwan sel yana wajen 7.2. Wani famfo ne a jikin tantaninta ke tura asid ciki ba dare ba rana. Sinadaran ba sa aiki sosai sai a cikin tsami, saboda haka in ɗan kaɗan ya tsiyaye ba ya cinye sel ɗin. Farin sel ɗin jini in ya haɗiye ƙwayar cuta, cikin jaka yake kulle ta, sannan ya haɗa jakar da laisosom a narkar da ita. Ƙwayar tarin fuka ta ƙware wajen hana wannan haɗuwa. Sai ta zauna lafiya lau a cikin sel ɗin da aka turo ya kashe ta, wani lokaci shekaru.

Yadda kulorokwin yake kisa, da yadda aka fi ƙarfinsa

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, Plasmodium falciparum, sel guda ce, kuma rayuwarta a jini ta rataya a kan jakunkuna biyu. Ta farko ita ce wadda take naɗe kanta da ita lokacin da ta kutsa cikin jan jini. Ta biyu jakar narkar da abinci ce a cikin jikinta, mai tsami, pH ɗinta wajen 5. A cikinta take zuba himogulobin ɗin da ta haɗiye, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin, har ta cinye kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na abin da ke cikin jan jinin.

Matsalarta ita ce himogulobin yana da wani ɓangare mai ƙarfe, him, wanda in ya saki yana fasa tantani. Dabarar ƙwayar ita ce ta daskarar da shi ya zama wasu baƙaƙen tsakuwoyi marasa illa, himozoyin. Mai duba jini a madubi yana ganinsu kamar ɗigon baƙin ƙasa a cikin ƙwayar, kuma su ne abin da Alphonse Laveran ya hango a Aljeriya a 1880 lokacin da ya gano ƙwayar.

Kulorokwin, wanda Hans Andersag ya haɗa a kamfanin Bayer a 1934, yana ratsa tantani cikin sauƙi matuƙar bai gamu da tsami ba. Da ya faɗa cikin jakar nan mai tsami sai ya ɗauki caji, ya kasa fita. Haka zai yi ta taruwa har ya ninka na cikin jini sau ɗaruruwa zuwa dubu. A nan sai ya manne wa him ya hana shi daskarewa, ƙwayar ta mutu da gubar abincinta.

A ƙarshen shekarun 1950 aka fara ganin ƙwayoyin da ba sa jin maganin a kan iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya. Sun ɓulla a gabashin Afirka a 1978, suka iso yammacinta a cikin shekarun 1980. Sai a 2000 aka tabbatar da musabbabin: wani furotin a jikin tantanin jakar, PfCRT, ya ɗan sauya, musamman a gurbi na 76, ya koma ƙofar da ke fitar da kulorokwin waje. Maganin yana shiga yadda ya saba, amma ba ya zama. A 2005 Najeriya ta sauya tsarinta ta koma kan haɗin magungunan atimisinin, wato ACT.

Masu zargin jabu ba ƙarya suke yi gaba ɗaya ba. Jabun maganin zazzaɓi yana yawo a kasuwanni, kuma maganin da bai cika ƙarfi ba, ko shan rabin adadi a ajiye saura, yana taimaka wa ƙwayoyin da suka fi taurin kai su tsira su yaɗu. Amma ko kulorokwin mafi inganci aka kawo, ƙwayar da ke da wannan ƙofa za ta fitar da shi. Ƙara yawan ƙwayoyin da ake sha ba mafita ba ne, domin tazarar da ke tsakanin adadin magani da adadin guba a kulorokwin siririya ce, kuma zuciya yake taɓawa. 'Yan ƙwayoyi kaɗan na manya suna iya kashe ƙaramin yaro.

Akwai wani ɓangaren muhawarar da ya fi wannan ƙarfi. Malawi ta janye kulorokwin a 1993, kuma bayan kimanin shekara goma ƙwayoyin da ke jin maganin suka sake mamaye ƙasar, domin ƙofar nan tana da tsada ga ƙwayar in babu magani a jini. Wasu na ganin wannan a matsayin hujjar dawo da shi. Sai dai abin da ya faru a Malawi ya faru ne saboda an daina shan sa da gaske, kuma ko can ba a mayar da shi maganin farko ba. Inda ake ci gaba da saye a kemis, ana ci gaba da ciyar da masu taurin kan ne. Dangin kulorokwin ma suna nan a bakin aiki: amodayakwin, wanda ake ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 wata-wata a damina a ƙasashen Sahel, a cikin jakar nan yake aiki.

Batun korona ya fi sauƙi. Kulorokwin yana taruwa a jakunkunanmu masu tsami mu ma, ya rage musu tsami. A gwajin farko an yi amfani da sel ɗin ƙodar biri, inda ƙwayar korona ke shiga ta cikin jaka kuma take buƙatar tsami kafin ta fita daga cikinta, sai maganin ya tare ta. A sel ɗin huhun mutum kuwa akwai wani sinadari, TMPRSS2, da ke buɗe mata hanya tun daga bakin sel, ba ta bi ta jakar ba. Babban gwajin RECOVERY na Birtaniya ya sanar a watan Yunin 2020 cewa haidiroksikulorokwin, ɗan uwan kulorokwin, bai rage mutuwar waɗanda aka kwantar ba.

Halittun kududdufi, yis da bakteriya

Amiba da faramisiyam da ke ruwan daɗi ba su da bango, kuma ruwa yana ta kutsawa cikinsu domin cikinsu ya fi kududdufin gishiri. Suna da bakiyol mai matsewa, ta tara ruwa ta kumbura, ta matse ta watsar waje, ta sake farawa. In aka ɗiga ɗan ruwan gishiri a gefen gilashin sai bugun ya ragu. Yawancin 'yan uwansu na teku ba su da ita. Jan jinin mutum ba shi da bango ba shi da famfo, shi ya sa ruwan da ake ƙara wa mara lafiya ake sa masa gishiri giram 9 a lita. Tsurar ruwa a jijiya fasa jan jini yake yi.

Yis ɗin burodi yana da bakiyol babba da ke yin aikin laisosom. A cikinta Yoshinori Ohsumi ya ga yadda sel ke naɗe tsofaffin sassansa ya narkar da su in yunwa ta kama shi, aikin da ya ba shi Nobel a 2016. Bakteriya galibi ba su da irin waɗannan jakunkuna, ko da yake masu sa ruwan tafki ya yi kore suna da 'yan bututun iska masu bangon furotin da ke taso da su sama, kuma Thiomargarita namibiensis ta gaɓar tekun Namibiya kusan duk jikinta jakar naitiret ce.

A jikin tsiro: ruwa, launi, zaƙi

Sel ɗin tsiro yana ƙarami yana da ƙananan jakunkuna da yawa. Yana girma suna haɗewa, har su zama guda ɗaya da ke iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na cikinsa, ta tura komai gefe. Tantaninta, tonofilas, yana tura fotasiyam da sukari da asid ciki, ruwa kuma ya bi su. Jakar ta kumbura ta danni bangon sel, bangon ya riƙe, kamar tub a cikin taya. A ma'aunin matsi da ake kira “bar”, ƙarfin iskar tayar ƙaramar mota bai wuce 2 zuwa 2.5 ba, na sel ɗin ganye kuwa yana kaiwa 5 zuwa 10. Wannan matsin ne ke tsayar da ganyen da ba shi da ƙashi ba shi da itace, kuma da shi sel ke tsawo: tsiro ba ya buƙatar ƙera nama mai yawa don ya girma, ruwa yake ɗurawa.

Alayyafon da ya yi yaushi a kan tire da azahar bai mutu ba, jakunkunansa ne suka sace. A tsoma shi cikin ruwan sanyi na kamar rabin awa ya miƙe. Ganyen da aka dafa ko tumatirin da ya daskare a firiza ba ya dawowa, domin zafi da ƙanƙara sun yaga tantanin, babu abin da zai riƙe ruwa. Gishiri kuma juya alƙiblar ruwan yake yi: a barbaɗa shi a kan yankakken kokwamba, nan da minti goma an ga ruwa a faranti.

Abin da manoma ke kira taki ya ƙone shuka shi ne wannan. In aka zuba yuriya ko NPK a gindi daf da kara, ƙasa kuma ba ta da laima, ruwan da ke kewaye da saiwa ya fi na cikinta gishiri, sai saiwar ta yi ta zubar da ruwa maimakon sha. Shi ya sa ake tona rami a tazarar santimita 5 zuwa 8 daga gindi, a zuba, a rufe, kuma bayan an yi ruwa. Gonar rani da ake ta ba ruwa babu magudana, har farin gishiri ya fito a kan kunya, ita ma wannan ciwon ke damunta: ƙasa a jiƙe, shuka a yaushe.

Malamin da ke son ɗalibai su gani da idonsu, jar albasa ta ishe shi. A ɓare siririyar fatar waje mai launi, a shimfiɗa a gilashi da ɗigon ruwa, a duba: kowane sel cike yake da shunayya, domin launin a cikin bakiyol yake. Sai a ɗiga ruwan gishiri, kamar giram 5 cikin mililita 100, a gefe ɗaya, a zuƙe ta ɗaya gefen da takarda. Cikin 'yan mintuna launin zai tattare tsakiya ya bar bango. A mayar da tsurar ruwa ya koma yadda yake. Abin da ke ɓata gwajin abu biyu ne: fata mai kauri da haske ba ya ratsawa, da barin gishirin ya daɗe har sel ya mutu.

Jan zoɓo daga irin wannan launi yake, kuma yana bin tsami: a matsa lemun tsami ya ƙara ja, a jefa kanwa ya yi duhu ya koma shuɗi-shuɗi. Tsamin lemun kansa asid ne da aka tara a bakiyol har pH ya sauka wajen 2. Zaƙin rake sukari ne a bakiyol ɗin sel ɗin kara. Ƙaiƙayin ɗanyen gwaza kuma wasu 'yan allurai ne na kalsiyam okzalet da ke jibge a ciki.

Gubar da ke jiran a tauna

Tsiro ba ya gudu, don haka da yawa suna kare kansu da guba mai kashi biyu, kowane kashi a ɗakinsa. Albasa ba ta sa hawaye tana zaune. Sinadarin da ke kunna ta yana cikin bakiyol, abin da zai yi aiki a kai yana waje, sai wuƙa ta haɗa su. Wuƙa mai kaifi tana fasa sel kaɗan, shi ya sa hawayen ke raguwa.

Rogo ya fi haka haɗari. Linamarin, sinadarin da ke ɗauke da gubar, yana cikin bakiyol, sinadarin da ke farfasa shi yana bangon sel, in suka haɗu sai gubar sayanaid ta fito. Duk matakan yin garin rogo wannan haɗuwar suke gaggautawa don gubar ta fice tun kafin a ci: gurzawa tana fasa jakunkunan, barin ƙullun a buhu kwana 3 zuwa 4 yana ba sinadarin lokaci, matsewa tana fitar da ruwan, suya tana korar saura. Mizanin abinci na duniya ya kayyade cewa sayanaid kada ya wuce miligiram 2 a kilo ɗaya na soyayyen garin rogo, ko miligiram 10 a kilo ɗaya na fulawar rogo. Dafa rogo mai ɗaci kai tsaye ba ya wadatarwa, domin zafi yana kashe sinadarin kafin ya gama aikinsa, linamarin ya rage. A Kwango da Mozambik da Tanzaniya, inda fari ko yaƙi ya sa aka gajarce jiƙon, an sha samun ɓarkewar konzo, ciwon da ke shanye ƙafafu farat ɗaya kuma ba ya warkewa.

Dawa ma haka take tana ƙarama. Durin, mai ɗauke da sayanaid, yana cikin bakiyol ɗin fatar ganye, sinadarin da ke sakin sa yana sel ɗin cikin ganye. Haƙorin saniya da ƙwayoyin tumbinta su ke haɗa su, shi ya sa shanu da tumaki da awaki suka fi doki da jaki shiga haɗari. Durin ya fi yawa a shukar da ba ta kai santimita 50 zuwa 60 ba, da gyauron da ya toho bayan girbi, da dawar da fari ya tsumburar sannan ruwa ya sauka ta yi sabon ganye. Taki mai yawan naitirojin yana ƙara shi. Dabbar da ta ci za ta kama haki, ta yi ta dalala, ta yi tangaɗi ta faɗi, wani lokaci cikin minti 15 zuwa awa ɗaya, kuma jininta ja-wur yake fita domin jiki ya kasa karɓar iskar da ke cikinsa. Akwai allurar da likitan dabbobi ke yi, sodiyam naitirait da tayosalfet, amma sau da yawa dabba ta riga ta tafi kafin ya iso. Karan da ya nuna ya bushe ba shi da wannan matsala sosai. Kada a saki garke da yunwa cikin gonar da ke da ɗanyen gyauro: a fara ba su harawa ko busasshiyar ciyawa, a jira tohon ya wuce gwiwa, in kuwa yanka aka yi a bar shi ya bushe sarai kafin a zuba musu.